Wushiryar Bibata

Bana shekara ashirin ke nan da rasuwar Bibata, ɗiyar kawuna, taubashiyata kuma abokiyar faɗana tun muna yawo ba ɗankwali a Dumega. Allah ya ji ƙanta. Na so in rubuta muku irin abin da aka saba rubutawa a kan mamaci, wato kirki da haƙuri da riƙon zumunci, kuma duk tana da su in ban da haƙurin. Amma duk sanda na ɗauki alƙalami, bakinta ne ke fara faɗo mini a rai. To ta nan zan bi, wanda ya ga bai dace ba ya yi mini uzuri, tsufa ne.

Bibata tana da wushirya, irin wadda in ta yi dariya a bakin rijiya sai mazan da ke wucewa su tuna suna jin ƙishirwa. Amma ba don kyau kaɗai take ji da ita ba. Uwarta ta rasu tana goye, kuma a lokacin babu mai hoto a ƙauyenmu, don haka ba ta san fuskar uwarta ba. Abin da ta tashi tana ji a bakin tsofaffi shi ne, "Wushiryar nan ta uwarki ce sak." Mahaifinta, Kawu Barmu, mutum ne mai kunya, bai taɓa furta haka ba. Sai dai kullum da la'asar in ta leƙo gaishe shi, sai ya jawo wani labarin ban dariya, ko da ya sha ba da shi, ya zauna yana kallonta har ta gama ƙyaƙyatawa. Dukanmu mun san wadda yake kallo.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, a Dogon Dutsi, ita kuma tana aure a Dumega da wani manomi mai suna Namata, mutumin da in ya yi maka magana uku a yini to ranar ya yi surutu. Na je hutu sai na tarar ana suna a dangin mijin, mata sun kewaye turmi ana lugude. 'Yan matan yanzu da suka tashi da injin niƙa ba su san wannan ba: mace takan cilla taɓarya sama, ta tafa, ta cafe, ba tare da ta ɓata wa 'yan'uwanta bugu ba. Bibata gwana ce, kuma ta san ita gwana ce, nan matsalar take. Da ta ga dangin miji sun zuba ido, sai ta wurga taɓaryar fiye da yadda ta saba, ta tafa, ta ƙara tafawa, har ta waiwayo ta yi mini gwalo. Taɓarya ta sauko ba ta sami hannu ba, ta sami baki. Haƙoran sama biyu na gaba, waɗanda wushiryar ke tsakaninsu, cikin turmi aka tsince su.

Da jini ya tsaya aka ga babu wani mugun rauni, sai na yi aikina na taubashiya, na ce yau dai furar suna har da ƙashi. Mata suka kwashe da dariya. Bibata ta dube ni, ba ta rama ba. Tun muna yara ban taɓa jefa mata magana ta kwana ba ta rama ba, sai na san abin ya wuce wasa.

Damina biyu ta yi tana magana da gefen zane a baki. Ta daina guɗa a biki, ta daina lugude, kuma abin da ya fi mini ciwo, ta daina zuwa wurin Kawu da la'asar, sai dai ta aika masa da fura. Shi kuwa tari ya kama shi, yana ta ramewa. Wata rana ya kira ni, ya daɗe yana tambayata lafiyar 'yan lakwal da tsadar gishiri, sannan ya ce, "Hajo, ku da kuka yi karatun zamani, babu abin da ake yi wa baki?"

Akwai. Na ji labari wurin matar wani mushe, wato malamin lakwal, da muke aiki tare cewa a Yamai akwai likitan haƙori da ke cike giɓi. Da Namata ya cire gujiyarsa ta shekarar, sai ya ce mu shirya. Yau mutum na shiga mota a Dogon Dutsi da safe ya yi azahar a Yamai, yana ta ƙorafin zafi a waya. Mu a bayan kamiyo, motar kaya, muka tafi, bisa buhuna, hanya ba kwalta, har na ce wa Bibata ta riƙe sauran haƙoran da kyau kada mu isa aikin ya ƙaru. Nan ma ba ta rama ba.

Likitan Bature ne, dattijo, yana da mataimaki Bazabarme wanda ke ƙera haƙoran a wani ɗaki na baya. Ni ce tafinta. Ya bayyana mana cewa gada zai yi mata: za a fiƙe haƙoran da ke gefen giɓin, hagu da dama, a rufa masu hula, sababbin haƙoran biyu kuma su rataya a tsakani, a manne duka yadda ba a cirewa. Da na juya mata maganar, sai ta ce, "Wato a sassaƙe lafiyayyu don a mai da waɗanda suka tafi?" Na ce haka ne. Sai ta hau kujera da kanta. Injin na kuka, wani wari na tashi kamar ana ƙona ƙaho, amma ko motsi ba ta yi ba. Aka cusa mata wani ƙullu a baki aka ɗauki siffa, aka ce mu dawo bayan kwanaki.

Ranar gwaji likita ya fito da fara'arsa. Ya ɗora gadar ba tare da ya manne ba, ya ja da baya yana jinjina wa kansa. Ya ce in gaya mata ya lura giɓin ya fi faɗin haƙora biyu, alamar da can akwai rata a tsakaninsu, shi ya sa ya ƙara wa sababbin faɗi ya toshe ratar gaba ɗaya. A ganinsa alheri ya yi mata. Haƙora ne farare, manya, a haɗe gam. Bibata ta karɓi madubi ta daɗe tana kallo.

"Hajo, hwaɗa mishi ya cire," in ji ta. "Wanga ba bakin innata ba na."

Na shiga lallashi. Na ce ta dubi nisan da muka yi, ta dubi Kawu da ba shi da lafiya yana jiranmu, giɓi dai ai ya rufe. Ta ce, "Ke ba ki san abin da baba ke jira ba? Da in koma mishi da bakin wata, gara in koma yadda na zo."

Na juya wa likita. Wallahi har yau ina ganin fuskarsa. Ya ce a ƙasarsu mutane ke zuwa a rufe masu wannan rata, bai taɓa jin wanda ya zo a buɗe masa ba. Bazabarmen nan ya kasa riƙe dariya, ya ce ai shi ma wushirya ce ta kai shi gidan surukai. Likitan ba mai girman kai ba ne, Allah ya sani. Ya sosa ƙeya, ya zana wani abu a takarda, ya ce zai yiwu: a yi haƙora biyu daidai misali, a haɗa su ta baya da siririn ƙarfe mai lanƙwasa inda ido ba ya kaiwa, ta gaba kuma a ga rata. Sai dai yana son a gaya masa faɗinta.

Nan aka yi ta. Babu hoto. Bibata ta nuna da farce, na ce ƙarya take yi, ta ƙara. Na nuna nawa, ta ce baƙin ciki nake yi mata tun muna yara. Muna cikin wannan sai Namata, wanda ke tsaye a bakin ƙofa da hula a hannu, tun zuwanmu Yamai ban ji muryarsa ba sai a sallama, ya dubi ƙasa ya ce, "Ƙwayar hatsi tana wucewa. Ta dawa ba ta wucewa."

 Na ce, "Kai, Namata! Yaushe ka auna?" Bawan Allah ya kifa hula a kai ya fice. Bibata kuwa ta tuntsire da dariya, baki buɗe, ga giɓi ga fiƙaƙƙun haƙora, ta manta da gefen zane, tana dukana a kafaɗa tana cewa Allah ya isa tsakanina da ita. Ƙwayar hatsin ma, wato gero, a aljihun Namata aka samo ta, don aljihun manomi ba ya rasa irinta. Likita ya ɗauke ta da ɗan hantsaki ya saka a kwalin ashana, ya miƙa wa mataimakinsa kamar wani zinariya.

Bayan kwanaki aka manne mata sabuwar gadar, muka kamo hanya. Da la'asar muka isa Dumega. Kawu na kishingiɗe a tabarma. Bibata ta durƙusa ta gaishe shi, baki a rufe da zane, don ita ma ta iya ja wa mutum rai. Kawu bai tambayi komai ba. Sai ya soma labarin jakinsa da ya tsinke ya bi 'yan kai amarya har Kore Mairuwa, labarin da ko kajin gidan sun haddace. Bai kai rabi ba ta saki zanen. Ya dube ta, ya dube ta, sannan ya juya fuska wajen danga ya goge ido da hannun riga. "Kin maido mini da ita," in ji shi. "Allah shi yi miki albarka." Ban taɓa jin ya ambaci uwar Bibata ba sai ranar, ban kuma ƙara ji ba. Tarin bai bar shi ba, amma ya ƙara shekaru, kuma la'asar ba ta sake wuce shi shi kaɗai ba.

Gadar nan ta zauna da Bibata har ƙarshen ranta, sau ɗaya aka sake manne ta. Tana da dokokinta: ba a fasa goro da ita, ba a ja kilishi, kuma kullum sai an zura zare ta ƙarƙashi an share. Furen taba ma bai kama gadar ba, Bibata ta yi ta gogawa sauran haƙoran na yin ja waɗannan suna nan farare, har ta haƙura ta bar furen. Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau, da ake dasa haƙori da kusa a cikin dasashi ba sai an taɓa na gefe ba. Na san za ta ce an cuce ta, an haife ta da wuri. Injin niƙa kuwa za ta ce ya kashe lugude amma ya ceci bakin mata masu rawar kai. Ranar da muke yi mata wanka wata ta tambaya ko a cire ƙarfen. Na ce kada wadda ta taɓa, da wushiryarta za ta tafi.

Ba ta bar dukiya ba, sai 'ya'ya da jikoki da tarin mutanen da ke bin ta bashin zagi. Cikin jikokin akwai Nana, wadda aka haifa bayan rasuwarta, tana karatu a Yamai. Da hutun da ya wuce ta zo mini da zancen za ta sa wani ƙarfe da suke kira aparai, don a rufe mata ratar da ke bakinta, wai ƙawayenta na tsokanarta a hoto. Ban hana ta ba, bakinta ne. Na dai zaunar da ita na ba ta labarin nan tun daga taɓarya har kwalin ashana. Sannan na tsinci ƙwayar hatsi a faifai na ce ta gwada.

Ƙwayar ta wuce. Nana ta tashi da kanta ta nemo ta dawa, ta gwada, ta ƙi wucewa. Sai yarinyar ta fashe da dariya, baki buɗe, ni kuma na sami kaina ina juya fuska wajen danga. Ta koma Yamai, ta sake zuwa da sallah, bakinta yana nan yadda yake. Ban tambaye ta ba.