Gidan da Ya Juya wa Ruwa Baya

Duk wanda ya zauna a Tudun Wada a Gombe ya san Sallau mai tanka, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon mutumin nan da ke shigowa layi da tsohuwar tankar ruwa mai shuɗin fenti, ya danna ham, mata su turo jarkoki da bokitai. Motar ba tasa ba ce, ta wani ɗan kasuwa ce. Shi dai tuƙi ne nasa, kuma ya kusa shekara talatin yana yi kafin bayansa ya ƙi zaman kujera. Mutum ne marar yawan magana, mai tsoron haƙƙin mutane har abin ya zame masa kamar ciwo. In ya ɗauko ruwa mai ɗan laka, tun kafin a tambaye shi zai ce, "Na yau bai kwanta ba, sai kun tace." Mai motar ya sha yi masa faɗa a kan haka, bai daina ba.

Ba a cikin gari aka haife shi ba. Mahaifinsa Bakatsine ne da ya zo noman albasa a wani ɗan ƙauye a bakin kogin Gongola, ya auri Bafulatana, wadda Sallau ke kira Dada. Dada ta rasu Sallau yana saurayi, aka binne ta a bayan ƙauyen kusa da wata tsamiya. Ba a daɗe ba aka tare kogin a Dadin Kowa, ruwa ya fara hawa. Aka ba mutanen ƙauyen sababbin filaye a kan tudu, suka kwashe abin da zai kwasu. Kabari ba ya kwasuwa. Damina biyu ana hango kan tsamiyar a tsakiyar tafkin, a ta uku ba a ƙara ganinta ba.

Filin mahaifinsa ne ya fi kusa da ruwan. Da Sallau ya fara samun kuɗin tuƙi, sai ya rushe ginin ƙasar ya yi na bulo: zaure, ɗaki uku, kicin da banɗaki. Ta ɓangaren tafkin kuwa ya ja katanga mai tsawo, babu taga, babu ƙofa. Magina sun ce a bar 'yar ƙofa don ɗiban ruwa, ya ce a zagaya. Mahaifinsa ya zauna a gidan har ya rasu bai taɓa tambayar dalili ba, domin shi ma ya sani.

Shi kuwa Sallau a Tudun Wada ya yi rayuwarsa, a ɗaki biyu na haya, tare da matarsa A'i mai tuyar awara a bakin layi. A nan suka haifi 'ya'yansu, a nan suka aurar da su. Sai ga shi mai gidan ya rasu, magadansa suka ce bayan damina za su rushe su gina shaguna. A'i ta riga ta ga wani ɗan gida a Gabukka, ɗaki biyu da rijiya da bishiyar dogon yaro a tsakar gida, ta sa shi a ranta.

"Malam, ni dai kada in mutu a gidan haya," ta ce masa. "Gidan can na bakin ruwa jemagu kaɗai yake yi wa amfani. Ka sayar mu saya a nan."

Bai yi mata musu ba. Ya tafi Madaki wurin Wakili dillali, abokinsa tun suna samari, wanda ke zama a kan benci a ƙofar wani shagon siminti.

"Direba, gidan bakin ruwa ka kawo mini?" Wakili ya yi dariya. "Ka haɗa mini da gidan sauro kyauta, in ba wa mai saye."

"Ka bar wasa, ka yi masa kuɗi."

Wakili ya yi masa kuɗi yadda ya saba: ɗaki nawa, kwano ya yi tsatsa ko bai yi ba, akwai wuta, mota tana isa ƙofa. Ga kowace tambaya Sallau ya ba da amsar gaskiya, kuma kowace amsa tana rage wani abu. A ƙarshe abin da Wakili ya faɗa bai wuce rabin kuɗin gidan Gabukka ba.

"Ruwan nan shi ne ya kashe maka gida," ya ce. "Da a bakin titi yake, da tuni mun gama."

Sallau bai ji haushin maganar ba. Shi ma haka ya ɗauka tun yana saurayi.

Damina ta yi nisa babu wanda ya ko taya. Sannan Wakili ya kira shi ya ce an samu wata mata. Sunanta Hilda, 'yar Kaltungo ce, ma'aikaciyar jinya da ta daɗe tana aiki a ƙasar waje, ta dawo gida tana neman inda za ta zauna. A motarta suka tafi su uku. Mace ce mai fara'a, Hausarta tana nan daram, sai dai in zance ya yi daɗi Turanci yakan kutso mata.

Da suka isa, Sallau ya buɗe zaure, ya tsaya a tsakar gida ya yi abin da malamai suka koya masa: mai sayarwa ya faɗi aibin kayansa kafin a yi ciniki.

"'Yata, bari in gaya miki tun yanzu, kada ki ce na ɓoye. Akwai sauro, ba kaɗan ba. Da damina ginin yana tsotsar sanyi, kin ga inda fenti ya kumbura. Dorina tana fitowa gonakin mutane. Wuta sai an ja daga bakin hanya. Kuma ruwan yana kusa ƙwarai, yana bayan katangar nan."

"Bayan wannan?" Hilda ta nuna katangar. "Ta ina ake ganinsa?"

"Ba a ganinsa. Sai an zagaya."

Ta zagaya, Wakili ya bi ta. Sallau ya tsaya daga kusurwar gida, inda yake jin muryarsu ba tare da ya ga tafkin ba. Can ta kira wata a waya tana Turanci da sauri. Sallau ba ya jin Turanci, amma kalma ɗaya ta faɗo masa a kunne sarai, kuma ta maimaita ta har da ɗaga murya: biyu. Biyu. Kai, biyu.

Miliyan biyu ke nan za ta taya. Ya ce a ransa, ai shi ya jawo, ya zazzage mata aibi har ta raina gidan. Ya tuna shagunan da za a gina bayan damina, ya tuna fuskar A'i in ya koma hannu banza.

Suka dawo zaure, aka kira mai unguwa da wani maƙwabci don shaida. Hilda ta ce, "Baba, nawa ka sa wa gidan?"

"Ai mai saye ke tayawa, 'yata."

Ta buɗe baki za ta yi magana, Wakili ya ɗaga mata hannu. "Madam, ki bar mini. Ni da shi mun san juna." Ya juya ga Sallau. "Uku."

"Albarka," Sallau ya ce, domin ba a karɓar tayin farko. Amma zuciyarsa ta ɗan saki, tun da har an wuce biyu.

"Uku da rabi."

"Albarka."

"Huɗu, Direba. Ka ji dai abin da ka lissafa da bakinka, har da dorina."

Sallau ya dubi Hilda. Ta ƙura wa Wakili ido kamar mai son cewa wani abu, shi kuwa ya ɗauka ɓacin rai ne don an ninka mata abin da ta yi niyya. Ya ji tsoron kada ta tashi ta shiga motarta.

"Na sallama," ya ce. "Allah ya sa albarka."

Mai unguwa ya shafa fatiha, aka yi musabaha, aka watse.

A'i ba ta yi murna ba, ba ta kuma yi faɗa ba. Ta ce za su roƙi mai gidan Gabukka ko zai karɓi rabi ya jira saura, ko da yake su biyun sun san babu inda sauran zai fito.

Bayan an gama biya, Hilda ta zo Tudun Wada da kanta karɓar makullai, ta kawo wa A'i atamfa. Aka shimfiɗa mata tabarma a ƙofar ɗaki, A'i tana daga gefe tana yanka awara. Ana cikin hira Sallau ya ce, "Na gode da kika ƙara a kan abin da kika yi niyya. Na ji kina ta cewa biyu a waya."

Hilda ta sa hannu ta rufe baki.

"Baba, ba biyu ta lissafi ba ce. Turanci ne, 'view' nake cewa. Abin da ido ke hangowa ke nan, kallo. Ƙanwata nake gaya wa ban taɓa ganin wuri mai kyan kallo irin wannan ba. Inda na zauna, gidan da ke kallon ruwa ya fi na bakin titi tsada nesa ba kusa ba." Ta sauke murya. "Ni da goma na zo. Na gaya wa Wakili tun a waya. Shi ya ce in yi shiru, a nan ba haka ake yi ba."

Wuƙar A'i ta tsaya a kan faranti.

Shekara talatin Sallau yana sayar da ruwa jarka-jarka a garin nan, bai taɓa sanin ana sayensa da ido ba.

"Ɗakunan fa?" ya tambaya can.

"Zan gyara su. Amma katangar bayan za a sauke, a sa babbar tagar gilashi, mutum yana zaune yana kallon tsakiyar tafkin." Ta dube shi, ta dubi A'i. "Baba, raina bai kwanta ba tun ranar. Bari in cika maka. Ko ba duka ba, in ƙara abin da zai ishe ku."

"Ciniki ya faɗa, 'yata. A gaban mai unguwa na ce na sallama."

"To, ba ciniki ba, kyauta."

A'i ta ce a hankali, "Malam."

Ya ji ta. Ya san abin da ke cikin kiran nan: rijiya, dogon yaro, ƙofar da babu mai ƙwanƙwasa ta a ƙarshen wata. Amma ya riga ya ga tagar a zuciyarsa, ya ga inda take fuskanta. Daga tsakiyar katangar nan, in ka miƙe ido sosai, daidai wurin da tsamiyar ta nutse ne. Duk aibin gidan ya faɗa wa matar nan ban da wannan, domin Dada ba aibi ba ce. Kuɗin bulo da kwano ya riga ya karɓa. Abin da ake so a ƙara masa yanzu kuɗin kallon wurin ne.

"Albarka," ya ce, ya miƙa mata makullan.

Hilda ta sake gwadawa, ya sake faɗin kalmar, sai ta yi sallama ta tafi. A'i ta ci gaba da yanka awara, ƙanana fiye da yadda take yi.

"Ka ba Wakili la'adarsa?" ta tambaya ba tare da ta ɗago ba.

"Na ba shi."

"Ita ma ta ba shi tukuicin kuɗin da ya rage mata. Shi kaɗai ne ya ji Turanci a cikinku."

Bai taɓa gaya wa A'i maganar tsamiyar ba, ranar ma bai faɗa ba. Ita a wurinta girman kai ne kawai, kuma har yau haka ta ɗauka. Wakili kuwa in ya hango Sallau a Madaki yakan ɗaga hannu ya ce, "Direba, ai dai na sayar maka," Sallau ya amsa gaisuwar ya wuce.

Gidan nan mai rijiya wani malamin makaranta ya saye shi kafin damina ta ƙare. Abin da kuɗinsu ya iya saya a Gabukka fili ne a can ƙarshen unguwa, mai araha saboda yana bakin kwari, inda ruwan sama ke cin ƙasa kowace shekara. Suka ɗora ɗaki ɗaya da rumfa, suka tare tun siminti bai gama bushewa ba. Sallau yanzu yana zama a rumfar da rediyonsa, A'i kuma kullum sai ta hau Keke Napep zuwa Tudun Wada, domin a can masu sayen awararta suke.

Ranar da magina suka zo jan katanga ta ɓangaren kwarin, ta fito da bokitinta za ta tafi, ta tsaya ta leƙa ramin, inda jan ruwa ke gudu da ledoji.

"Malam, wannan karon ka bar taga," ta ce. "Wataƙila wata ta zo ta ce biyu."

Da ta tafi, babban magini ya tambaye shi ko da gaske a bar tagar. Sallau ya ce a ja katanga.