Ba Gajiya, In Ji Barau

Duk wanda ya zauna a layinmu a Agege ya san Barau mai keke, ko bai gan shi ba ya ji shi. Munsharinsa bango biyu yake ratsawa. Wani baƙo ma ya taɓa surar jakarsa yana tambaya ko jirgin ƙasan Ibadan ne ya iso.

Daga Funtuwa ya zo tun gemunsa na baƙi. Ya yi dako a kasuwar Mile 12, ya yi okada, da gwiwa ta fara ƙara ya koma keke Napep. Tumbi ya fito, wuya ya haɗe da kafaɗa. Mu dai dariya muke.

Matarsa Azumi ce ba ta dariya. Ita ta lura munsharin kan tsaya cak, ƙirji ya daina motsi, sai ta zungure shi ya farka yana haki kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Da rana kuma gyangyaɗi. Ran nan yana jiran jirgi ya wuce, fasinja cike, barci ya sace shi, ƙafa ta saki birki, keke ya soma gangarawa kan layin dogo. Wata Bayarabiya mai burodi ce ta kwaɗa masa tire a ƙeya.

Ana haka asibitin unguwa ya fara bincike a kan barcin masu shekaru, ana duba su kyauta. Azumi ta matsa har ya je, tana biye. Shi kuwa tsoronsa ɗaya: a ce ba shi da lafiya, ƙungiyar 'yan keke ta ji, a hana shi tuƙi.

Nas ɗin, Sista Badiyya, haihuwar Agege ce, Hausarta rabi Yarabanci. Ta gwada jininsa, ta zagaya wuyansa da tef kamar tela.

"Wuyan riga za a ɗinka min, 'yata?"

"Oya Baba, amsa min. Kana kwana lafiya?"

"Lafiya lau, Alhamdu lillahi."

"Da rana fa, yaya gajiya?"

"Ba gajiya."

To, wane Bahaushe ne za a ce masa ina gajiya ya ce akwai? Ko a makara yake sai ya ce babu. Barau ya san ba gaisuwa ba ce, ya ɓuya a bayanta kawai. Sista ta ce madalla, ta ɗaga kai za ta kira na gaba.

Azumi na bakin ƙofa. Tunda aka kawo ta gidansa ba ta taɓa ƙaryata shi gaban mutane ba, ko sunansa ba ta faɗa. Amma jirgin nan gobe ma zai wuce.

Sai ta matso ciki. Ta rufe ido, ta langaɓar da kai, ta ja wani munshari da ya sa masu jira a benci suka tuntsire da dariya. Ta sake ja. Sai ta ɗauke numfashi. Shiru. Dariya ta mutu. Idonta ya yi ja, Sista ta miƙe tsaye, sannan ta saki numfashin da shaƙuwa.

"Mama, haka yake yi?"

"Ni dai ban ce komai ba," in ji Azumi.

"Azumi, a gaban jama'a?" Muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Ka yi haƙuri, Malam."

An tura shi babban asibiti, an ce ya ajiye tuƙi har likita ya gan shi. Ba a sa masa rana ba tukuna. Keken na ƙofar gida a lulluɓe da leda, makullin na ƙulle a bakin zanen Azumi.

Jiya na same shi zaune kusa da keken.

"Barau, ina gajiya?"

Ya kalli tayar keken.

"Akwai," ya ce.