Hammadu da Rajistar Tafkuna

Ranar Laraba, sha huɗu ga Maris na 2007, Malam Laminu, magatakardan ƙungiyar masunta, ya fara haɗuwa da Hammadu a wani kafe da ke bayan tashar mota a Gashua. Hammadu siririn mutum ne mai saurin gumi. Ɗan masunci ne, amma bai taɓa iya hawa gorar kamun kifi ba. Kwamfuta ya je ya koyo a Kano.

Ƙungiya ta sa shi ya gina mata manhaja mai buɗewa kamar shafin intanet, wadda za ta riƙe sunan kowane tafki da gidan da ke da haƙƙin kamun kifi a cikinsa. A ɗaya daga cikin kwamfutocin kafen ya gina ta, Laminu na karanto masa daga littafi, shi yana shigarwa. Ranar da aka zo kan tafkin Baba Yuguda, wani masunci da ya zo ganin aikin, tsohon ya zaro wuƙa ya tsaga layi uku a gefen akwatin kwamfutar, irin shaidar da ke jikin gorarsa.

"Haba Baba, ai ba tawa ba ce!"

"Ɗan nan, duk abin da ya riƙe kayana sai ya ɗauki shaidata."

Laminu ya rubuta wannan ma a littafin aljihunsa, don ba ya barin komai ya wuce.

A daminar 2008 ruwa ya shiga ofishin ƙungiya ya narkar da littattafan rajista. Daga nan ba inda tafkuna ɗari huɗu da goma sha biyu suke a rubuce sai cikin kwamfutar nan.

Da mai kafe ya rufe ya sayar da kayansa, ƙungiya ta sami sabuwar kwamfuta a ofishinta na Nguru. Hammadu ya kwafe foldar aikin a fulash, suka tafi can shi da Laminu ranar Litinin, tara ga Fabrairun 2009, saura kwana shida a buɗe kamun kifi. Ya girka abin da manhajar ke bukata, ya danna. Shafi ya fito tsaf, da hoton kifi a sama. Ƙasa kuwa fari fat, babu suna ko ɗaya.

Laminu ya ga gumi ya jiƙa wuyan rigar Hammadu.

"Malam, shafukan na ɗauko. Sunayen ba a foldar suke zama ba, rumbunsu daban ne. Yana can a kwamfutar kafe."

Laminu ya dubi farin shafin. Ya tuna gidaje biyu da suka taɓa fitowa da mashi a kan tafki guda, rajista ce kaɗai ta raba su. Idan aka taru ranar Lahadi babu ita, kowa abin da kakansa ya faɗa masa zai rantse a kai.

Suka kama mota. Duk tsayawar da direba ya yi don ɗaukar fasinja, Hammadu sai ya dafe kai. A Gashua suka tarar da wanda ya sayi kayan, wani ɗan Hadejia, ya jera akwatuna takwas iri ɗaya a ƙasa. Ya goge abin da ke cikin uku, ya jona na huɗu zai goge.

"Wanne ne naku? Ni anjima zan loda."

Hammadu ya dube su ɗaya bayan ɗaya. A kan tebur ya san kwamfutar, ta kusa da taga. A ƙasa duk ɗaya suke.

Laminu ya buɗe littafin aljihu, ya koma baya har Afrilun 2007, ranar wuƙar Baba Yuguda. Sai ya durƙusa yana shafa gefen akwatunan. Ya fara da ukun da aka goge, yana salati a ransa. Ba komai. A na huɗu yatsansa ya ji tsagu uku.

"Alhaji, cire hannunka daga wannan!"

Hammadu ya fitar da rumbun, ya kwafa sau biyu. Washegari a Nguru Laminu ya ƙirga sunayen a kan allo, ɗari huɗu da goma sha biyu cif, ya sa aka buga su a takarda.

Hammadu bai sake gina wa kowa manhaja ba. A ƙarshen shekarar ya buɗe shagon gyaran kwamfuta kusa da tashar jirgi a Nguru. Duk wadda aka kawo masa, sai ya sa mata shaidar mai ita kafin ya kwance ta.