Baba Kunne da Injin da Ba Ya Magana

Duk wanda ya taɓa mallakar janareta a layin nan ya san Baba Kunne, kuma laƙabin ba a banza ya same shi ba. Mutum ne da ba ya kwance inji sai ya fara sauraronsa. Zai sa a ja igiya, ya karkata kai kamar mai jin gulma, ya ce, "Fulogi ne," ko kuwa, "Gurɓataccen mai ka ba shi. Kai ma da kai aka ɗura wa da ka yi tari." A rumfarsa ta bakin titi, tsakanin galan-galan na baƙin mai da tsummokara, ya ciyar da iyali, ya aurar, ya kai autarsa har makarantar koyon aikin lantarki. Abin da sana'ar ta karɓe masa shi ne rabin jinsa. A gida sai an ɗaga murya yake ji, shi kuma in ya ce wa matarsa "ina kwana" sai maƙwabta su amsa.

Sai ga farantan sola sun fara hawa rufin mutane. Mai aski ya sa, mai shagon magani ya sa, mai sayar da ƙanƙara ya sa. Rumfar Baba ta koma wurin kiwon ƙuda. Babban abin haushin ma, cikin masu ɗora farantan har da Auta, 'yar cikinsa, da hular kwano da jakar kayan aiki a kafaɗa.

"Baba, ka zo mu yi tare mana!" in ji ta, da ƙarfi yadda ta saba yi masa. "Hannu muke nema, aiki ya fi ƙarfinmu!"

Ya yi fushi, ya yi gunaguni, daga baya ya ce in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. Gaskiyar magana, abin da yake tsoro shi ne benci: a ce ya tashi da safe babu mai nemansa, yana zaune ƙofar gida yana kora kaji. Haka ya zama ɗalibin 'yarsa a tsakar gida, tana nuna masa jar waya da baƙa, da batir, da akwatin da ake kira inbata, mai juya wutar rana ta zama ta gida. Kan ka ce kwabo abin ya shige shi. Ya rinƙa bin matarsa har madafa yana yi mata bayanin rana, har ta ce, "Malam, wannan ranar dai tun muna yara muke shanya a cikinta, yau kai ka gano ta?"

Abokan aikin Auta kuwa ba su sakankance ba. Suka ce tsoho ne, a gwada shi da aiki ɗaya tukuna. In ya haɗa shi kaɗai ya tashi, ya shiga cikinsu. In bai tashi ba, a ba shi haƙuri. Aikin ya faɗo a shagon Tela, tsohon abokinsa, wanda Baba ya daɗe yana jinyar janaretansa.

Ranar, tun da hantsi Baba yana kan kwano, yana ɗaure faranti yana yi wa masu wucewa kirari da kansa. Ya sauko ya jera batir, ya kafa inbata a bango kusa da teburin yanka, ya ja waya tsaf babu wadda ta hau kan wata. Ya sa Tela ya kashe duk makunnan shagon.

"Kada ka taɓa komai sai na ce!" ya daka masa tsawa. "Ba a ɗora wa inji kaya sai ya kama murya!"

Wannan ita ce dokar da ya rayu a kanta, kuma a wajen janareta gaskiya ce. Tela ya ce to, ya fita sayen zare. Baba ya yi bisimilla, ya danna.

Shiru.

Ya manna kunne a jikin akwatin, babu ko tari. Wani ɗan koren haske yana ta ƙyaftawa a gaban hancinsa, amma ina, Baba bai taɓa tambayar ido labarin inji ba. A tsakar gida Auta ce ke kunnawa tana surutu, bai taɓa lura cewa abin ba ya ƙara ba. Ya kashe, ya kwance wayoyi, ya sake ɗaurewa. Shiru. Ya hau tsani ya shafa farantan ɗaya bayan ɗaya, ya sauko, ya sake dannawa. Sabo turken wawa, mitar gwaji da Auta ta ba shi tana cikin jaka ko tunawa da ita bai yi ba.

Ya zauna a kan kujerar masu jiran ɗinki, zufa na ɗiga daga gemunsa. Kunya ta rufe shi, ba don abokan aikin ba, don Auta da ta tsaya masa. Ya fara mayar da sifana cikin jaka, yana shirya yadda zai ce mata ta yi haƙuri.

Tela ya shigo yana fifita da hula. "Kai, wannan zafi!" Hannunsa ya kai kan makunnin fanka kafin ya tuna da doka.

Fanka ta juya. Ƙyallayen da ke kan tebur suka tashi sama, wani ja ya sauka a kan Baba. Tela ya yi tsalle ya faɗa kan keken ɗinkinsa na lantarki, ya taka, allura ta ruga a guje. Ya kunna fitila, ya kunna dutsen guga, ya leƙa titi yana ihu, "Ku zo ku gani! Kunne ya kamo rana!"

"Amma bai yi magana ba!" Baba ya ce, yana dariya, yana nuna akwatin da hannu biyu. "Wallahi ko uffan bai ce ba!"

"Yo gani ai ya kori ji! Kai dai tun ɗazu ka gama aiki kana zaman makoki!"

Mai aski ya shigo da almakashi a hannu, mai ƙanƙara ya biyo shi. Baba da Tela suna ta yi wa juna ihu kamar kullum, sai can suka lura babu abin da suke ƙoƙarin dannewa da muryoyinsu. Janaretan yana lungu, a rufe da buhu. Suka dubi juna, suka sake fashewa da dariya.

Ana cikin haka Auta ta iso. Ta duba wayoyin, ta duba koren hasken. Sannan ta matso kusa da shi, idonta ya kawo ruwa, ta yi magana a hankali, da muryar da take yi wa kowa magana ban da shi.

"Baba, gobe akwai aiki a makarantar bayan kasuwa. Kai za ka ja mu."

Bai ce ta maimaita ba. Ya cire ƙyallen daga kansa, ya share fuska da shi, ya ce, "Na ji, Auta."