Motar da Ba Ta da Gidan Baya

Abu ɗaya tak mahaifiyata ta taɓa roƙona a duniya. Ni kuma da yake Allah ya hore mini basira, shi na zaɓa na lalata.

Matar soja ce. Ta ƙarar da ƙuruciyarta tana bin mahaifinmu daga wannan bariki zuwa wancan, kullum a bayan babbar mota, zaune kan akwati, da tukwane a cinya. A can ta ga yadda matan hafsoshi ke sauka. Mota ta tsaya, kurtu ya rugo ya buɗe ƙofar baya, matar ta sauko da ƙafa ɗaya, ta ɗan dakata, sannan ta sauko da ɗayar. Wannan 'yar dakatawar ce ta tsaya wa Mama a rai. Bayan Baba ya yi ritaya mun dawo Zuru, bayan ma ya rasu, maganar ba ta canza ba.

"Kafin in mutu," in ji ta, "ka shiga da ni ƙauyenmu a motarka. A gidan baya. Ka zagayo ka buɗe mini."

Ƙauyen yana gaba da Ribah. Can yayanta yake, Kawu ke nan, wanda tsufa ya kwantar har ba ya iya fitowa daga ɗaki. Can kuma matar Kawu take, wadda ɗanta ke aiki a Abuja yana zuwa da wata ƙatuwar baƙar mota. Duk zuwan da Mama ta yi, sai matar nan ta tarbe ta da fara'a ta ce, "Ayya, har yanzu a babur ɗin kabu-kabu? Sannu da ƙoƙari." Mama ta gaji da wannan sannun, ta daina zuwa, ta ce sai ranar da na yi mota.

Ni malamin makaranta ne, saboda haka ba sai na yi dogon bayani kan aljihuna ba. Ni da matata mun daɗe muna matse baki, har abin da muka tara ya kai na wata gajiyayyar mota mai ƙofa huɗu da wani ɗan kasuwa ya sa a kasuwa. Mun gama magana, ranar Asabar zan je in gani. Na kuwa fita da niyyar zuwa, Allah shaida ne. Sai dai hanyar ta bi ta ƙofar gidan wani tsohon soja, injiniya, kuma ƙofar a buɗe take.

Tana nan ƙarƙashin mangwaro, ja wur, doguwar hanci, tsayinta bai wuce cinyata ba. Tayoyin a waje, fitilu biyu sun zaro ido, ba rufi. Na tsayar da babur na manta ban kashe shi ba. Tun ina yaro nake ƙera irin wannan da karan dawa, ban taɓa zaton akwai ta gaske ba.

Tsohon ya fito yana goge hannu. "Tisha, ka san abin da kake kallo?"

Na ce a'a, Baba.

"Wannan ba a sayar da ita a haɗe. A kwalaye take zuwa, kamar gadon da za ka ɗaure da kanka. Wani Bature mai aikin hanya ya sayar mini da kwalayen da zai tafi. Injin na wata mota ne, giya ta wata, birki na wata. Jikin nan ba ƙarfe ba ne, irin abin da ake tankin ruwa da shi ne. Duk wani noti da ke jikinta hannun nan ne ya ɗaure shi."

Mai hankali, da ya ji an ce mota ta haɗa jini da motoci huɗu, sai ya yi godiya ya hau babur ɗinsa. Ni sai na ji ta ƙara daraja. Na shiga tambayoyi irin na masana. Tana shan mai? Takardunta cikakku ne? Tana zafi a hawa? Na durƙusa na leƙa ƙarƙashinta ina gyaɗa kai, alhali ban san abin da nake nema ba. Na buga taya da ƙafa, don na ga ana yi. Ya tashe ta, ƙarar ta kori kajin gidan, ni kuwa ta shiga har ƙirjina. Ya faɗi kuɗi, sai ga shi daidai da abin da ke aljihuna, kamar ya leƙa. Na tambayi komai a ranar, ban da inda ƙofa take.

Na shigo gida da ita, babur na bar shi can. Matata ta fito daga kicin da ludayi a hannu, ta zagaya motar sau ɗaya.

"Malam, ina sauran?"

"Sauran me?"

"Sauran motar."

Na fara yi mata bayanin gudu da sauƙin nauyi. Ta bar ni na gama tsaf, sannan ta ce, "Mama fa?" Wallahi sai a lokacin na juya na dubi bayan kujerun. Abin da ke wurin bai wuce inda za a ajiye jakar makaranta ba.

Mama ta fito da sandarta, don gwiwoyinta sun daɗe da daina lanƙwasuwa yadda ya kamata. Ita ma ta zagaya, a hankali.

"Ina gidan baya?"

"Babu, Mama."

"Ina ƙofa?"

"Tsallakawa ake yi."

Ta dubi gefen motar, ta dubi zaninta, ta dube ni. Da ta zage ni da na ji daɗi. Sai ta ɗora hannu kan fitila ta ce, "Allah ya tsare hanya," ta koma ɗaki. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba.

Washegari bayan coci na koma wurin tsohon. Ya saurare ni da tausayi, sannan ya nuna mini sabon kwanon da ya riga ya sayo don rufin ɗakinsa. Na je wurin bakanike na ce ya yanka mini ƙofa. Ya ƙwanƙwasa gefen ya ce, "Malam, wannan bangon shi ke riƙe da ita. In na yanka, za ka isa gida da rabi." Na sa ta a kasuwa. Duk Zuru an zo kallo, an ɗauki hoto, ba wanda ya taya. Ashe mahaukaci ɗaya garin ke da shi, kuma ya riga ya saya.

Ana cikin haka aka aiko cewa za a aurar da jikar Kawu bayan girbi. Na ce wa Mama zan ari motar shugaban makarantarmu.

"Motarka na ce," in ji ta. "Motar aro ko makaho ya san ta. Da wannan za mu."

Da safen ranar muka rufe ƙofar gida, don kada maƙwabta su gani. Mama ta sha atamfarta mafi tsada, ta kafa ɗauri. Ni na kama ta ta hammata, matata ta kama ƙafafu, muka ɗaga ta muka zura ta cikin kujera. Matata ta ɗaure mata ɗankwalin da gyale ta ƙarƙashin haɓa saboda iska, ta ajiye mata gorar ruwa a ƙafa, ta yi mini wani kallo da har yau ina jin sa.

A kan kwalta motar ta nuna ko ita wace ce, na kusan minti goma. Daga nan muka sauka hanyar ƙasa. Agogon gudun yana da lambobi har inda ban taɓa jin mutum ya kai ba, ni kuwa ban bar giya ta biyu ba. Kowane tudu sai cikinta ya karta, kowane rami sai na tsaya na yi shawara. Wani mai babur da akuya a ɗaure a baya ya wuce mu, ya rage gudu ya gaishe da Mama cikin ladabi, ya ƙara gaba. Motar tsere ke nan.

Mun isa da hantsi. Ƙatuwar baƙar motar tana nan a ƙofar gidan Kawu, amma ba wanda ya sake kallon ta. Duk taron ya juyo. Na tsaya, na tsallako, na zagayo gefen Mama kamar yadda ta roƙa shekara da shekaru, na miƙa hannu inda ya kamata mariƙin ƙofa ya kasance. Da na tuna babu, sai na sunkuya zan ɗauke ta.

Ta yi magana ta cikin haƙora, da yarenmu na Dakarci, murmushi na fuskarta. "Ka taɓa ni a gaban mutanen nan, ban yafe maka ba. Kai ni ƙarƙashin ɗorawar can."

Na kai ta. Ta kwance gyalen, ta gyara ɗauri, ta ɗora hannu ɗaya a gefen motar, ta zauna abinta.

Sai ga abin da ban yi tsammani ba. Motar ta yi ƙasa da yawa, ba yadda za ka gaishe da na ciki a tsaye. Duk wanda ya zo sai ya tsuguna. Mata suka tsuguna, dattawa suka tsuguna, fasto ya tsuguna, ango da abokansa suka jeru a ƙasa. Can sai ga matar Kawu ta taho, ta tsaya ƙiƙam ta ce, "Lale, an yi mota!" Mama ta amsa da murya ƙasa-ƙasa, da gangan. Matar ta ce, "Me kika ce?" Mama ta ƙara rage murya. Matar ta ranƙwafa, ba ta ji ba, ta ƙara, har gwiwarta ta taɓa ƙasa.

"Ayya, tashi mana," in ji Mama da ƙarfi yanzu, "kada ki ɓata zaninki. Sannu da ƙoƙari."

Kai, na ji daɗi! Nan take na yafe wa kaina komai. Na koma gefen hancin motar samari sun kewaye ni, ina ba su labarin kwalaye da Bature, har da ƙarin cewa da gangan na zaɓe ta. Aka kawo wa Mama tuwo da nama ta ce ta ƙoshi. Aka kawo kunu ta ce ta gode. Ruwa ma ta ƙi, ga rana ta take. Na ce a raina, lallai tsohuwar nan ta iya mulki, haka matan hafsoshi ke yi. Ni na cinye nawa na ƙara da nata.

Bayan an dawo daga coci wata mata ta fito daga ɗakin Kawu ta tsuguna. "Baba ya ji kin zo, ya ce ki shigo ya ji muryarki."

Mama ta ce, "Ki ce masa ina gaishe shi. Yau mutane sun yi yawa, sai na sake zuwa."

Aka sake aikowa, ta sake ba da amsar nan. Ina jin su, amma lokacin ina nuna wa wani yadda ake buɗe injin.

Da la'asar muka kama hanya, ana ɗaga mana hannu. Sai da muka wuce gonakin ƙarshe, muka sha kwanar wani dutse inda ba kowa, ta ce, "Tsaya. Ɗauke ni. Yi sauri."

Ba matata, ni kaɗai. Na sa hannu ɗaya a bayanta ɗaya ƙarƙashin gwiwoyinta na yunƙura da dukan ƙarfina, sai na kusa faɗuwa ta baya. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Da safe na ɗauka don mu biyu ne. Na ajiye ta, ƙafafun suka ƙi ɗaukar ta, sai da na riƙe ta ta ɗan jima, sannan ta dogara sandarta ta zagaya bayan dutsen. Sai a nan na gane ƙoshin da ta yi ta yi tun safe. Wanda ba zai iya sauka ba, ba ya shan ruwa.

Ta dawo ta zauna kan wani falalen dutse, ta shanye gorar nan tas, ruwan da ya yi zafi. Ta goge baki ta dube ni, sai ta fashe da dariya.

"Ka ga ta durƙusa?"

"Na gani, Mama."

"Har gwiwa."

Muka yi dariya tare. Tata ta riga tawa ƙarewa. Ta juya gorar a hannu ta ce, "Tagar ɗakin Kawunka tana kallon ɗorawar nan. Yini guda ina jin tarinsa."

Na ce mu koma yanzu, ba nisa, zan ɗauke ta har cikin ɗakin.

"A gabansu? Kamar buhun dawa? Bayan sun gama durƙusa mini?" Ta miƙo hannuwa. "Mayar da ni. Rana na faɗuwa."

Na mayar da ita.

Kawu bai kai damina ba. Ranar da aka aiko, na fito da makulli a hannu, na tarar Mama ta riga ta sa an kira mai kabu-kabu, yana riƙe da babur tana ƙoƙarin hawa. Na ce, "Mama, ga mota."

Ba ta ko juyo ba. "Bar ta," in ji ta. "Yau ina so in shiga ɗakin."