Abin Hawan da Ba Ya Sallama

Shekarar da aka canja hannu a titi, motoci suka bar hagu suka koma dama, ina amarya. Ba a daɗe ba aka ɗauke fam da sule. Abin da zan gaya muku ya girme su duka, ya ma girmi yaƙin da aka yi ta ɗiban samari soja, don a lokacin ko zane ban iya ɗaurawa da kyau ba.

Gidanmu yana bakin titin da ya taso daga Malumfashi ya nufi Funtua, rijiyar gari kuma tana tsallake. Duk ruwan da aka sha a gidanmu sai ya ƙetare titin nan a kan wata yarinya. Kakata ta wajen uba makauniya ce, agana ta tafi mata da idanu tun tana budurwa, amma ita ke tsallakar da mu. Da hantsi za ta zauna gindin durumi tana gadin shanyar barkono, mu jeru gabanta da tuluna, sai ta ce mu tafi muke tafiya.

Bayan an cire auduga titi ke cika. Manyan motoci masu jikin katako su yi ta wucewa zuwa injin gurza na Funtua, an yi musu lodi har sun fi soro tsawo, warin baƙin mai na biye da su. Tun muna ganin hanya fayau kakata za ta karkata kai ta ce ga mai kaya nan tafe. Mai kaya nishi take yi kamar saniya mai naƙuda, kuma ba ta tsayawa ko uban direba ne a gabanta. Wadda ta sauke kuwa katakonta ke kaɗawa, ita ce mai gudu. Akwai wani kwalbati can gabas da mu inda kowane direba ke canja giya. Ta koya mana cewa daga jin giyar nan, mai kaya ta ba ka Ƙulhuwallahu ƙafa uku kafin ta iso, wadda ta sauke ƙafa ɗaya. Haka muke ƙetarewa, tulu a ka, baki na motsi. Wata rana na tsaya ina leƙen hanya, ta shimfiɗa mini sanda a ƙwauri, ta ce ido gabansa kawai ya sani, kunne kuwa har bayan kwana yana zuwa.

A hannunta ko ɗan akuya mota ba ta taɓa takawa ba. Ni ma na yi aure a garin, na haifi tara, kowannensu da kunne na tsallakar da shi. Da babura suka zo na koyi muryarsu. Da Keke Napep ya zo na koyi tasa. Har yanar ido ta fara rufe mini gani, shekara biyar ke nan, ban nemi ɗan jagora ba, kuma ba wanda ya isa ya ba ni.

A tsallake aminiyata take, wadda muka ɗebi ruwa tare. Ɓarin jikinta ya shanye, ba ta fita. Kullum da hantsi nake kai mata kunun tsamiya da hannuna, mu zauna mu ci naman mutanen da suka riga mu gidan gaskiya, mu nema musu gafara, in dawo. Ita ke nan fitar da ta rage mini.

To, bana jikana ya sayar da kekensa mai shan fetur ya kawo wani wai mai caji, kamar waya. Na ce ya tayar in ji. Ya ce ai a tashe yake. Na dafa jikinsa, sanyi ƙalau, ba rawa, ba wari. Na ce masa ni dai a sanina abin da ke shigowa ba sallama uku ne, ɓarawo da maciji da ajali. Ya yi ta dariya, ya ce amaryarsa ta tsufa, kishi take da sabon keke. Na ce Allah ya tsare ni da miji irinsa, wanda ko abin hawansa ba ya iya buɗe baki. Ya zauna yana yi mini bayani: fetur ya fi ƙarfin talaka, wannan kuwa rana ce ke ciyar da shi ta farantan da aka kafa a tasha, nan gaba har motocin masara da na auduga haka za su koma. Na tambaye shi in aka kwana uku ana marka fa? Ya ce akwai wutar lantarki. Na ce wutar da ke leƙo mu kamar baƙon da ake bi bashi, ba ya son zama? Na ce in ya lalace a dajin Ƙarfi wa zai gyara, tunda makanikan garin nan da kunne suke gane ciwon inji? Nan ya sosa ƙeya, ya ce za a koya.

Ban damu ba, na ɗauka abin yayi ne. Ashe ba shi kaɗai ya saya ba.

Ranar wata Laraba na fito da kwanon kununa, na tsaya inda na saba tsayawa. Na saurari gabas, na saurari yamma. Ina jin injin niƙa, ina jin awakin maƙwabta, titi kuwa shiru. Na yi bisimilla na sa ƙafa. Taku na huɗu sai na ji iska a fuskata da ƙarar taya a kan kwalta, wani abu ya goge mini gwiwar hannu, kwano ya tafi. Babur ne mai caji, da buhu biyu a baya. Mai shi ya dire yana salati, yana cewa, “Baba, ba ki gan ni ba?” Na ce, “Kai ka yi magana ne?”

Ko ƙwarzane ban yi ba. Amma kafin in kai gida labari ya riga ni. Babban ɗana, ɗan fari ne, ba na kama sunansa, ba ma doguwar magana, sai ya aiko ƙanwarsa. Ta durƙusa ta ce Yaya ya ce don Allah in haƙura da tsallake, in ya so matarsa ta riƙa kai kunun, ranar Juma'a kuma a ɗauke ni a keke a kai ni. A keke! Tafiyar da ba ta kai Ƙulhuwallahu uku ba. Na ce ta gaya masa na ji. Ban ce na yarda ba.

Jikana ya ji kunya, ya ɗaura wa kekensa 'yan gwangwanaye suna kacau-kacau, wai don ni. Na sa masa albarka. Amma nasa ɗaya ne, ban san masu sauran ba, su ma ba su san ni ba. Suna cewa wannan shi ne abin hawan gobe. Wataƙila. Waɗanda suka ƙera shi dai na tabbata masu ido ne, kuma ba a bakin titi aka raine su ba.

Har yau ina zuwa, sai dai in gaya muku gaskiya, ba yadda na saba ba. In na isa bakin titi sai in tsaya ina gyara mayafi, kamar wadda ta manta wani abu, har in ji takun wani zai ƙetare, in bi sawunsa a hankali. Ba wanda ya gane tukuna. Ranar da ba kowa, nakan daɗe, kunu ya huce.

Cikin waɗanda suka san titin nan a wancan zamani, uku muka rage. Ni, da aminiyata da ke kwance, sai wani tsohon direba a bayan gidanmu wanda ya kurmance tun tuni. Rannan na je na ɗaga murya a kunnensa, na tambaye shi dabarar da yake yi in zai tsallaka, tunda shi duk motocin duniya sun daɗe da yi masa shiru. Ya gyara zama. Sannan ya ce shekara goma ke nan bai taka tsallake ba.