Hatsin Kawu da hadarin yamma

Mun tashi daga Aubervilliers, gefen Paris, da asuba ana yayyafi, ni da ƙanena da abokinsa mai mota. Tun shigowar Satumba sama ba ta tsaya kan magana ɗaya ba: da safe rana, da hantsi iska, kafin la'asar tsawa. Abin da ya tashe mu kuwa waya ce daga Kawu, yayan innata, wanda ya yi ritaya yana zaune a Vaulx-en-Velin, gefen Lyon. Ya ce hatsinsa ya kusa nuna, mu zo mu kama masa yanka kafin ruwa ya ƙarasa shi.

Kawu na da 'yar garka, irin filin da hukumar gari ke ba mazauna benaye. Maƙwabta na shuka tumatir da kabewa, shi ya shuka gero. Irin daga rumbun kakanmu ya fito, a ƙauyenmu na wajen Matamaye. An sayar da gonar, rumbun ya rushe, abin da ya rage ƙulli ɗaya ne, kuma Kawu da ƙarfin hali ya zuba shi duka a ƙasa bana. In wannan ya lalace, irin ya ƙare ke nan.

Hanyar kudu sumul take, ba rami ba jaki, sai kuɗin hanya da ke sa mai motarmu tsaki duk inda muka tsaya biya. Mu shiga ruwa, mu fita rana, mu sake shiga. A wurin hutawa suka sayo kafe, wato gahawa, cikin ɗan kofi kamar na wasan yara, da tsadar da ta sa ƙanena ya shanye har da kurɓar ƙarshe. Ni dai na buɗe kular dambu muka ci cikin mota, gilashi ya yi suraci. Na sauke shi in shaƙi iska, ban ji komai ba. Ruwan ƙasar nan ba shi da ƙamshi. A gida ɗigon farko na taɓa ƙasa gari ke ɗauka, Inna na jera bokitai ƙarƙashin indararo, mu muna tsalle a tsakar gida tana yi mana faɗan da bai kai zuci ba.

Da azahar muka tarar da Kawu cikin garka, ya ɗora rigar sanyi kan doguwar riga. Bayan mun gaisa, ya tambayi kowa har da waɗanda muka baro suna barci, sannan ya nuna mana hatsin. Iskar makon jiya ta kwantar da rabinsa, tsuntsaye sun yi nasu rabo. Ya kare ido da hannu ya dubi gabas, wajen duwatsu.

"Garau take," in ji shi. "Mu bar shi ya sha ranar yau, gobe mu yanka."

Ƙanena ya miƙa masa waya. "Kawu, meteyo, masu hasashen yanayi, sun ce akwai hadari da la'asar."

"Kai yaro, na yi noma tun ba a haife ka ba. Hadari daga gabas yake tasowa."

Gaskiyarsa, a gida haka ne. Amma nan ruwa daga yamma ya fi zuwa, ta wajen teku. Kawu ya ƙare ƙuruciyarsa cikin masana'anta, bai taɓa buƙatar karanta saman ƙasar nan ba. Na waiga, sai ga yamma ta yi baƙi ƙirin a bayansa.

Na ce, "Kawu, don Allah juya."

Ya juya, ya ga hadarin, sannan ya ce a ba shi wuƙa. Muka faɗa wa hatsin, muna yanka muna cusawa a buhu, iska na fizgar ɗankwalina. Ba mu kai ƙarshen kunya ba ƙanƙara ta sauko. Wata tsohuwa 'yar Fotugal, maƙwabciyar garkarsa, ta buɗe mana rumfarta muka fake. Nan Kawu ya zazzage buhun yana murza zangarniya ɗaya bayan ɗaya. Yawanci fanko ne, ruwa ya wanke bununin. Waɗanda suka yi ido ba su cika hannu biyu ba.

Ya ware masu kyau don iri. Ƙananan ya gasa a kan garwashin tsohuwar, ya murje mana tumu a tafin hannu yana hurawa. Rabona da tumu tun ina lakwal, 'yar makaranta. Na watsa a baki, kewar gida ta kama ni. Tsohuwar ta ɗanɗana ta ce da daɗi, amma fuskarta ba ta ce haka ba.

Washegari da za mu tafi, ya naɗe zangarniya biyu ya ba ni. "Riƙe, ɗiyata. Kar iri ya sake zama gida ɗaya."

Mun iso Paris cikin ruwa kamar yadda muka bar ta. Na rataye hatsin a kicin, nesa da raɓa. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne mutum na iya ƙaura da kayansa duka, amma inda aka koya masa duban sama nan zai ci gaba da duba. A mota mun yi ta yi wa Kawu dariya. Yau da safe na ji tsawa, na tashi in ga hadarin, sai na tsinci kaina tsaye a tagar gabas.